Buzun Malam Mudi

Malam Mudi bai iya jawabi ba. Duk wanda ya yi aiki da shi a makarantar elemantare ta Kafin Gawo, a ƙasar Kiru, zai gaya maka haka. In ana taron malamai, ƙarshen benci yake samu ya zauna, ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido har a shafa fatiha. 'Yan aji ɗaya yake koyarwa, shi ne kuma aka rataya wa usur, yana fitar da yara motsa jiki da safe. A muƙami shi ne ƙarami, a shekaru kuwa ya girmi kusan kowa.

A garin aka haife shi. Yana ɗan shekara takwas aka aiko wa dagaci ya ba da yaro ɗaya a kai boko. Dagaci ya tura nasa ɗan wajen kakarsa, ya miƙa ɗan wani manomi da ba shi da bakin magana. Sau uku Mudi yana gudowa gida a ƙafa, sau uku ana mayar da shi. A karo na ukun wanda aka aika ya kamo shi a kan doki yake, amma sai da ya sha wuya. Nan malamai suka gane abin da Allah ya ba yaron. Lissafinsa dama-dama ne, rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan toka, amma in ya zura da gudu sai ka ga kamar ƙasa ce take miƙa shi gaba.

Bai ƙare makarantar Midil ba, ubansa ya rasu, ya dawo. Aka ɗauke shi koyarwa. Ya auri Safara'u, ya riƙe gonar ubansa ta bakin rafi, ya dasa mangwaro biyu a ƙofar gida. Burinsa bai wuce nan ba: ya tsufa a inuwar mangwaron, a binne shi inda aka binne ubansa.

Mutum ne da ya san ƙasa da tafin ƙafarsa. Ya san sanyin laka, ya san jigawa mai cinye ƙarfin gwiwa, ya san tsandauri mai mayar wa mutum da takunsa. Inda ya fi so shi ne bayan makaranta, gefen fadama. In kaka ta yi, ruwa ya janye, wurin yakan bushe ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. Mata a nan suke sussuka, shi kuma a nan yake kai yara gudu. Yakan busa usur ya tsaya yana kallonsu suna ƙanƙancewa can wajen giginyu, balbelu suna tashi a gabansu farare tas, har ya mance cewa shi ne zai kira su su dawo.

A kakar 1955 aka ce gasar guje-guje ta makarantun Bebeji da Kiru da Tudun Wada a Kafin Gawo za a yi ta, kuma mai duba makarantu zai zo daga birni da garkuwar da za a ba wadda ta yi na ɗaya.

Hedimastan lokacin shi ne Malam Rufa'i, shekararsa ɗaya da zuwa. Yana da agogon hannu da takalmi mai igiya, wanda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Ba mugu ba ne. Yana dai so manya su gan shi, su tuna da sunansa ranar da za a ɗaga wani. Ya duba ya ga mota ba za ta iya gangarawa fadama ba, ya kuma ga filin bakin hanya yana da jerin maɗaci masu inuwa. Sai ya kafa kwamitin wasanni. Shi ne shugaba, shi ne magatakarda, shi ne sauran 'yan kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya yanke cewa a filin bakin hanya za a yi. Malamai a bakin yara suka ji.

Filin nan kuwa tsohon mashekari ne. Shekara da shekaru shanun wani dattijo mai suna Dikko a nan suke kwana in an gama girbi. Inda shanu suka daɗe, ƙarangiya da tsidau suke gaje wurin. Ƙarangiya ma da sauƙi, tana maƙalewa ne a ciro ta. Tsidau ɗan ƙwallo ne mai ƙahoni, launinsa launin ƙasa, duk yadda ya faɗi ƙaho ɗaya yana kallon sama. Yaran makaranta kuwa babu mai takalmi ko ɗaya.

A gindin tsamiya, lokacin hutun ƙarfe tara, malamai suka yi ta ci da wuta. Mai babban baki a cikinsu shi ne Malam Bala na aji huɗu, gwanin alƙalami.

"Wai mu kayan ado ne a makarantar nan?" in ji shi. "A kafa kwamiti mutum ɗaya? To in za a yi ƙuri'a, hannun dama ne zai ka da na hagu?"

Aka kwashe da dariya.

"Sati biyu ke nan ban yi lissafi ba," in ji wani. "Kullum maci. Yara sun iya juyawa dama, ba su san bakwai sau takwas ba."

Malam Bala ya ce, "Ai na gaya muku, takarda za mu rubuta. Mu kai kuka sama. Malam Mudi, kai ne mai usur, ka yi shiru kamar an aiko maka da rasuwa."

Malam Mudi ya ce, "Akwai ƙaya a filin."

"To shi muke faɗa! Mu sa shi a sakin layi na huɗu."

Kwana huɗu suka yi a kan takardar. Kwana ɗaya ya tafi a gardamar irin gaisuwar da za a buɗe da ita. Ta fito tsaf, shafi biyu: rashin shawara, cin lokacin karatu, kwamitin mutum ɗaya, da ƙaya a can ƙasa. Duk suka sa hannu. Da aka zo aikawa, sai Malam Bala ya tuna cewa ƙa'ida ita ce duk takardar da za ta je birni ta hannun Hedimasta za ta bi. Su kuwa mutane ne masu bin ƙa'ida. Suka ninke ƙarar Malam Rufa'i, suka kai wa Malam Rufa'i da hannu biyu.

Washegari ya tara su a ofis. Takardar tana kan tebur, ya danne ta da kwalbar tawada.

"Na karanta," in ji shi. "Rubutu ya yi kyau, Malam Bala. Af, kafin na mance. An ce in ba da sunan malami ɗaya. Akwai wata makaranta mai aji biyu can ƙasar Doguwa, bayan daji, gindin duwatsu. In damina ta sauka babu mai shiga babu mai fita. Har yanzu ban zaɓa ba." Ya duba agogonsa. "To, wa ke da magana a kan takardar nan?"

Malam Bala ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, ai shawara ce kawai irin ta 'ya'ya da uba."

Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Daga ƙarshen benci Malam Mudi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙayar tana nan."

"Sai a share."

"Tsintsiya ba ta ɗaukar tsidau. Binne shi take yi."

Malam Rufa'i ya dube shi ya daɗe. "Malam Mudi, ka girme ni, ina ganin mutuncinka. Amma na riga na aika birni cewa a bakin hanya za a yi. In ka sake tayar mini da zancen ƙaya, a gaban kowa ne, sunanka zan rubuta. Ka ji?"

"Na ji."

Da la'asar Malam Mudi ya tafi rugar Dikko, wadda ta koma can hayin rafi. Ya tarar da dattijon yana tufkar igiya.

"Baffa, sannu da aiki. Shanunka sun bar mini gado."

Dikko ya saurari zancen har ƙarshe, ya yi dariya har haƙoransa biyu suka fito. "Ku 'yan boko! A rasa inda za a yi tsere sai makwancin shanu? Ko ɗan maraƙi ya fi ku wayo, shi da kofato ma yake zagaye wurin."

"To yaya kuke yi in za ku kafa bukka a irin wurin?"

"Kana da buzu?"

"Na salla."

"Mai gashi?"

"Na ragon layya ne, ubana ya bar mini."

"Kifa shi, gashin ya kalli ƙasa. Ɗora dutse, kada ya yi nauyi da yawa. Ɗaura igiya ka ja a hankali, kamar kana jan makaho. Ka yi da sassafe, raɓa tana taimakawa. Gashin zai tsince maka abin da idonka bai gani ba." Ya miƙa masa igiyar da ya gama tufkawa. "Ungo. Amma buzun ba zai sake salla ba."

Da ya gaya wa Safara'u, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, fili nawa ne?"

"Yadi ɗari, layi shida."

"Da buzu ɗaya. Su masu takardar fa?"

"Sun gaji. Sun yi rubutu da yawa."

Ta kaɗe rariya. "Ni dai abin da na roƙe ka, ka ja buzunka ka rufe bakinka. Mangwaron nan bana ya fara fure. Ba zan je Doguwa in ji labarinsa a bakin fatake ba."

"Bakina a rufe yake."

Daga ranar, in an sallame asuba gari ya fara haske, sai a gan shi a filin bakin hanya, igiya a kafaɗa, buzu yana binsa a baya. Yakan tafi taku ashirin, ya tsuguna, ya juya buzun, ya tsefe ƙayar da tsinken kara cikin ƙwarya, ya sake kifawa. Masu tafiya kasuwar Kwanar Dangora da jakuna sukan tsaya su yi kallo. Wasu suka ce Malam ya fara taɓuwa. Wata mai tallan nono ta ce noman 'yan boko ke nan, huɗa babu garma.

Shi bai ji su ba. A irin wannan lokaci tururi yakan taso daga rafi ya kwanta a kan filin har gwiwa, maɗatan su zama kamar suna tsaye a kan ruwa. Sautin buzu a kan ƙasa, shuu, shuu, yakan ɗauke shi ya kai shi nesa. Wani lokaci yana ɗan shekara takwas ne, yana gudowa gida, gero ya fi shi tsawo ta kowane gefe, iska tana shiga rigarsa. Wani lokaci yakan ga yaran ajinsa sun tashi a guje a gabansa, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, suna wuce hanya, suna wuce gonaki, har su shige cikin farin tururin babu ko ɗaya da ya ɗingisa. Sai ƙararrawa ta buga, ya farka da igiya a hannu, ƙwarya ta cika. Ya kai bayan makaranta ya ƙone.

In ya gama layi, yakan tuɓe takalminsa na fata ya taka shi daga farko har ƙarshe, a hankali, yana jan tafin ƙafa. In ya ji ko ɗaya, ya sake.

Malam Rufa'i yana ganinsa ta taga, bai hana shi ba, tunda ba a yi masa zancen ƙaya ba. Malam Bala kuwa duk ranar Allah sai ya ce, "Wallahi Malam Mudi, gobe da ni za a yi." Safiya goma sha tara aka yi, gobensa ba ta zo ba.

A safiya ta goma sha tara aka gama. Buzun ya koma kamar tsohon tsumma, gashin duk ya zube. Malam Mudi ya auna yadi ɗari da igiya, ya zuba layuka da toka, farare, miƙaƙƙu, kamar shafin littafin da ba a fara rubutu a ciki ba. Ya tsaya ya dube su. A ransa ya ce ya tsira da yaran, ya kuma tsira da mangwaronsa.

Ana gobe gasa aka aike shi Kwanar Dangora ya taro 'yan Tudun Wada da motar kaya za ta sauke, ya rako su a ƙafa. Yana can aka kafa rumfar baƙi a gindin maɗacin da ya fi girma. Malam Rufa'i ya zauna a kujerar babban baƙo don ya gwada, sai ya ga layin ƙarshe yana can hagu, nesa da rumfa. Ai bai kamata baƙo ya karkata wuya ba. Kwamiti ya sake zama nan take. Aka goge mafarin, aka matsar da layukan gaba taku talatin, don masu gudu su ƙare daidai gaban tebur. Malam Bala ne ya riƙe kwanon tokar.

Sai da hantsin ranar gasa Malam Mudi ya gani. Fili ya riga ya cika. Ga 'yan Bebeji, ga 'yan Kiru, ga dagaci da jama'arsa, mata sun yi jeri can baya, makaɗa suna gwada kalangu. Motar mai duba makarantu ta iso, an ɗora garkuwa a kan tebur tana ƙyalli. Aka jera yara shida na tseren farko, suka durƙusa, yatsunsu a kan toka, duk sun zuba masa ido.

Ya dubi layukan. Ya san inda buzunsa ya tsaya, akwai wani ɗan kututture a gefe da yake juyawa a kansa. Layukan yanzu sun wuce kututturen da taku talatin. A nan ne kuma mai gudu yake sakin duk ƙarfinsa, yana dira da dukan tafin ƙafa.

Ya sa usur a baki. Ya hango Safara'u cikin mata, ta ɗora hannu a goshi tana kare rana. Ya ji Hedimasta daga rumfa yana cewa, "Malam Mudi, muna jira."

Bai busa ba. Ya cire usur ɗin, ya ce wa yaran, "Ku zauna tukuna." Ya tuɓe takalminsa ya ajiye su gefe ɗaya, ya shiga layi na uku, ya kama tafiya.

Kalangu ya yi shiru. Yana tafe ba sauri, ƙasar da ya gyara tana karɓarsa da sanyi-sanyi. Ya wuce kututturen. A taku na biyu kafaɗarsa ta motsa. A na biyar ya ɗan tsaya, ya ci gaba. Bai ɗaga ƙafa ya duba ba, bai kauce ba, ya taka talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya tsallake layin ƙarshe. A bayansa, kan farar toka, akwai ɗige-ɗige ja.

Ya durƙusa ya gai da baƙo, ya gai da dagaci. Sannan ya zauna a ƙasa gaban tebur, ya ɗora ƙafa a kan cinya, ya shiga cirowa. Duk wanda ya ciro sai ya miƙa hannu ya ajiye shi a kan tebur, kusa da garkuwa. Goma sha ɗaya daga dama, takwas daga hagu. An hana shi zancen ƙaya, bai kuwa yi ba.

Mai duba makarantu ya ɗauki ɗaya ya jujjuya a yatsunsa. Ya dubi takalmin Malam Rufa'i, ya dubi yaran da ke zaune can a mafari.

"Malam, duk filin haka yake?"

"A'a, ranka ya daɗe. Daga kututturen can zuwa baya babu ko ɗaya."

"To a mayar da layin can. A ɗauko mini kujerata."

Aka kinkimi tebur da kujeru aka fita daga inuwa. Manyan baƙi suka yini a rana. Malam Mudi ya ɗaure ƙafafunsa da tsumma, ya koma mafari yana ɗingishi, ya busa usur. Yara suka tashi kamar an watsa tsaba. Tsere goma sha huɗu aka yi a ranar, babu yaron da ya tsuguna ya riƙe ƙafa. 'Yan Bebeji ne suka tafi da garkuwa.

Bayan sati biyu takarda ta zo. An mayar da Malam Mudi ƙasar Doguwa saboda kunyata shugabansa a gaban baƙi, da rashin bin hanyar da ta dace wajen kai kuka. Wanda ya sa hannu shi ne mai duba makarantun nan da ya ce a ɗauko masa kujera.

Malamai suka yi masa taron ban kwana a gindin tsamiya. Malam Bala ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ba za su yarda ba, za su rubuta takarda. Har ya share hawaye. Malam Mudi ya yi godiya, ya miƙa masa usur.

Safara'u kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A na uku, tana ɗaure tukwane, ta ce, "Na ce ka rufe bakinka."

"Ai ban buɗe ba."

"Na gani. Ina wurin." Ta ja igiya ta ƙulle. "Miƙo ƙafar in gani, ta hagun ce ba ta warke ba."

Ya bar wa ƙanensa gona da mangwaro. Suka yi kwana biyu a hanya, rabi a motar kaya, rabi da jakuna, daji yana ƙara duhu, duwatsu suna tasowa shuɗi-shuɗi a gabansu kamar hadarin da ya ƙi matsowa. Makarantar ɗaki biyu ce ta jinka. Malamin da ya tarar ya fito da murna, ya fara nuna masa inda allo yake da inda ake ajiye alli.

Malam Mudi ya ce, "Ina yara suke gudu?"

Aka nuna masa wani fili a gindin dutse, ciyawa ta bushe a kansa, rana tana gangarawa ta bayansa. Ya tuɓe takalmi ya miƙa wa Safara'u, ya shiga yana jan tafin ƙafa a hankali. Ya yi nisa, ya tsaya, ya sunkuya ya ciro wani abu ya duba. Sannan ya juyo ya ɗaga murya.

"Malam, wa ke da tumaki a garin nan?"